Tandar ɗakin gwaji: abin da ake dubawa kafin a sayi faranti mai ramuka

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai waina a Tudun Wada da sassafe ya san cewa ƙullu shi kaɗai ba ya yin waina. Tanda ma tana da ta cewa. Sabuwar tanda da ba ta sha mai ba kama waina take yi, sai an kankare. Wadda ta saba kuwa da kanta take sakinta. A ɗakunan gwaje-gwaje mu ma muna da tamu tandar, wato farantin roba ɗan ƙarami mai ramuka jere, wanda ake kiwon sel, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da jiki ya ginu da su, a cikinsa ko a haɗa sinadarai a ga abin da zai faru. Bambancin kawai shi ne, mu wani lokacin so muke abin ya manne, wani lokacin kuma mannewar ita ce masifar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata ɗalibar digiri na biyu ce da ta same ni a lab, fuskarta duk a ɓace. Ta ce, "Malam, yau kwana uku da na zuba sel ɗin nan, sun ƙi kwanciya. Ko dai ruwan kiwon ne ya lalace?" Na leƙa a maikiroskof, na ga sel sun dunƙule kamar ƙwan kifi, suna yawo a cikin ruwa. Na ce ta kawo mini ledar da farantin ya zo a ciki. Tana miƙo mini na gane inda gizo ke saƙa. Na tambaye ta wane iri ta ce wa dillali ya kawo mata, ta ce, "Mai rami 96 mana, Malam. Akwai wani iri ne kuma?" Akwai, har da yawa. Dillalin bai cuce ta ba, abin da ta rubuta shi ya aiko daga Legas. Kuɗinta na aljihu ta kashe, ga mako uku na jira, ga sel da ta samu da kyar.

Farantin nan ya samo asali ne a ƙasar Hangari a 1951. Wani likita mai suna Gyula Takátsy yana fama da gwajin jini lokacin annobar mura, kwalaben gwaji sun yi ƙaranci, sai ya huda ramuka a jikin roba mai kauri, layi shida kowanne da rami goma sha biyu. Daga baya aka zauna a kan layi takwas mai goma sha biyu-biyu, wato rami 96 da muka sani yau. A 2004 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, ANSI, ta amince da girma guda: tsawo milimita 127.76, faɗi milimita 85.48, tazarar da ke tsakanin rami da rami kuwa milimita 9 a mai 96, milimita 4.5 a mai 384. Wannan ƙa'ida ta yi amfani ƙwarai, don farantin kamfanin Corning ko Nunc ko Greiner duk zai shiga na'ura guda ba gardama. Amma ita ce kuma tarkon. Tunda kowane faranti yana shiga na'ura kuma na'urar tana fitar da lambobi, mutum sai ya ɗauka daidai yake tafiya. Na'ura ba ta cewa ka sa farantin da bai dace ba. Lamba za ta ba ka, ka je ka zana jadawali da ita.

Mu fara da fuskar ramin, tunda nan ɗalibata ta yi tuntuɓe. Yawancin farantan nan da folisitirin ake yinsu, roba mai haske kamar gilashi. A yadda take fitowa daga injin, wannan roba ƙin ruwa take yi, ka ɗiga mata ruwa ya tsaya curi kamar a kan ganyen gwaza. Sel masu buƙatar wurin kamawa ba sa iya shimfiɗuwa a kanta. Don haka masana'anta suna bi ta kan fuskar da wata irin wuta ta lantarki wadda ke dasa iskar oksijin a jikin robar, ta koma mai karɓar ruwa. Daga nan furotin ɗin da ke cikin ruwan kiwo ya kwanta a kai, sel kuma su kama shi su miƙe ƙafa. Irin wannan faranti za ka ga an rubuta TC a ledarsa. Da ido ba ka isa ka bambanta shi da wanda ba a gyara ba. Rubutun jikin leda shi ne kaɗai shaidarka, shi ya sa nake hana ɗalibai jefar da leda kafin aiki ya ƙare.

Sel irin su Vero, da HeLa, da MCF-7 na kansar mama, da HepG2 na hanta, duk masu mannewa ne, dole sai mai TC. (Vero ɗin nan daga ƙodar wani biri na Afirka aka samo su a Japan a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Sa'annin juna ne ke nan.) Akwai kuma masu raunin riƙo, kamar HEK293, waɗanda in ka zuba musu ruwan wanki da ɗan ƙarfi sai su ɗaye gaba ɗaya kamar fatar madara. Su ana ƙara shafa wa ramin foli-laisin ko kolajin, sinadaran da ke taimaka wa sel su kama. Mutum zai iya sayen wanda aka riga aka shafa, zai kuma iya shafawa da kansa a cikin hud (akwatin nan mai tace iska da ake aiki a cikinsa don kada ƙwayoyin cuta su shiga), wanda ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Amma a Zariya ba kowa ke kiwon sel na dabba ko na mutum ba. Da yawa daga cikin aikinmu a kan ƙwayoyin cuta ne da ke damun mutanenmu da dabbobinmu. Sashen Bayokemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya yi suna a kan ƙwayar sammore tun zamanin marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda aikinsa a kanta ya kai shi ga lashe kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009. Ƙwayar sammore a cikin jini iyo take yi, ba ta neman wurin kamawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuma a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zaune, tun da Trager da Jensen suka gano yadda ake kiwonta a 1976, su kuma jajayen ƙwayoyin kwantawa kawai suke yi a ƙasan rami. A nan abin da ya fi muhimmanci shi ne farantin ya zo a tsarkake, kowanne cikin ledarsa, da murfi. Mai gwada ƙarfin magani a kan bakteriya ma farantin da ba a gyara ba ya fi masa, domin wasu magunguna, irin su kolistin, suna liƙewa a jikin roba, fuskar da aka gyara kuma ta fi jan su. Maganin ya tafi jikin bango, bakteriya ta ci gaba da girma, kai kuma ka rubuta cewa ta bijire wa magani.

Farantin ELISA, gwajin da ake gano alamar cuta da shi a jini ko wani samfur, wani abu ne daban. Tun da Engvall da Perlmann suka fito da wannan gwaji a 1971, tushensa shi ne antibodi (furotin da jiki ke yi don yaƙar cuta) ko antijin (abin da antibodi ke kamawa) ya liƙe a jikin rami ya ƙi fita duk wankin da za a yi masa. To an yi faranti musamman mai kama furotin da ƙarfi, wanda ya fi shahara shi ne MaxiSorp na Nunc. Yawanci irin wannan ba a tsarkake yake zuwa ba, saboda ba don kiwo aka yi shi ba. In kuma ka ɗauke shi ka yi gwajin enzayim a ciki, kamar na alfa-gulukosides da masu binciken ganyen ciwon suga ke yi, wani kaso na enzayim ɗin zai manne a bango. Ga mai aikin asibiti da samfur ke zuwa masa kaɗan-kaɗan, wanda ake ɓallewa layi-layi, rami takwas-takwas, ya fi tattali: ka ɓalle abin da kake buƙata, ka mayar da sauran cikin leda ka liƙe.

Sai launi. Wannan shi ne abin da mutane suka fi ɗauka ado ne, alhali ya danganta ne da yadda na'urarka ke kallon rami. Hanya uku ce. Ta farko, na'ura ta harba haske ya ratsa ramin daga gefe guda ya fita ɗaya gefen, ta auna nawa ruwan ya shanye. Wannan dole sai faranti garau wanda ake ganin ƙasansa. Nan ELISA take, wadda ake karantawa a nanomita 450 (nanomita ma'aunin launin haske ne) bayan an tsayar da ita da asid. Nan MTT yake, gwajin da Mosmann ya kawo a 1983, wanda sel masu rai ke mayar da ruwan ɗorawa ya koma shunayya, a karanta a 570. Nan DPPH, gwajin ƙarfin antioksidan a tsamen ganye, yake a 517, wanda ba ɗalibin harhaɗa magunguna da bai san shi ba.

Hanya ta biyu ƙyalli ce. Na'ura ta haska ramin da wani launi, sinadarin da ke ciki ya mayar da martani da wani launin. A farantin garau wannan haske yawo yake yi ta jikin roba ya shiga ramin maƙwabci. Ramin da ba komai a cikinsa sai ya ba da lamba don kawai na kusa da shi yana ƙyalli sosai, kamar gidan da ba fitila amma hasken maƙwabta ya haska masa tsakar gida. Baƙin faranti yana shanye wannan haske mai yawo. Shi ya dace da SYBR Green, rinin da ke ƙyalli in ya kama DNA, na gwajin maganin zazzaɓi, shi ya dace da resazurin, ruwan shuɗin nan da ƙwayar sammore mai rai ke mayarwa ruwan hoda.

Hanya ta uku kuwa ba a haska komai. Sinadarin da kansa ke fitar da haske, da irin enzayim ɗin ƙwaron nan mai walƙiya da dare a damina. Hasken ɗan mitsitsi ne, saboda haka ana so farin faranti ya tattara shi ya mayar wa na'ura. Ka sa irin wannan gwaji a baƙi, ka yi asarar mafi yawan siginar. Farin faranti yana da wata ɗabi'a tasa: in ya sha hasken fitilar ɗaki yakan riƙe shi na ɗan lokaci, don haka a ajiye shi a duhu na 'yan mintuna kafin a karanta.

Wanda ke son ya kiwata sel, ya riƙa leƙa su a maikiroskof, sannan ya karanta ƙyalli a faranti guda, sai ya nemi mai baƙin bango da ƙasa garau. Yana da tsada. Ra'ayina shi ne ɗalibin da aljihunsa bai da nauyi ya sayi baƙi zalla don karatu, ya shuka sel ɗin iri ɗaya a wani farantin garau a gefe don leƙe. Akwai kuma abu guda da garau ɗin folisitirin ba ya iyawa: duk hasken da ke ƙasa da kusan nanomita 300 robar da kanta ke shanye shi. Mai auna DNA a 260 ko furotin a 280 sai ya nemi faranti na musamman mai barin hasken UV ya wuce, in ba haka ba robar yake aunawa.

Duk wannan bayani bai da amfani in ba a fara zuwa an ga na'urar ba. Ni da za a bi tawa, ba ɗalibin da za a sa wa hannu a takardar tsarin bincikensa sai ya je ya tsaya gaban na'urar da zai yi amfani da ita ya rubuta abin da take iyawa. Yawancin na'urorin ELISA da ake samu a ɗakunanmu tacen haske huɗu suke zuwa da su: 405, 450, 492 da 630. Ka duba, babu 570 a ciki, babu 517. Irin wannan na'ura ba ta karanta ƙyalli ko kaɗan. Na taɓa ganin wanda ya sayi katan guda na baƙin faranti don ya karanta a wata mujalla cewa shi ake amfani da shi, alhali na'urar da ke hannunsa sai haske ya ratsa rami take gani. Ya sa faranti, kowane rami ya nuna ya ƙure ma'auni. Resazurin tana da sauƙin kai a nan, don ana iya karanta ta ta hanyar shan haske a 570 da 600 a farantin garau, in na'urar tana da su. A tambaya kuma ko na'urar daga sama take karatu ko daga ƙasa. Sel masu mannewa a ƙasan rami suke, karatu daga ƙasa ya fi kusa da su.

Wani abu da ake mantawa: a kwalbar auna haske ta gargajiya, haske yana ratsa santimita ɗaya cif. A faranti kuwa zurfin ruwan da ka zuba shi ne tsawon hanyar. Ƙasan ramin mai 96 kusan murabba'in santimita 0.32 ne, saboda haka maikirolita 100 zai ba ka zurfin kusan santimita 0.3, maikirolita 200 kuma kusan 0.6. In hannunka ya yi rawa a fifet, abin da ake auna ruwa a zuba a rami da shi, wani rami ya samu fiye da wani, lambarsa za ta hau ba don maganinka ya yi aiki ba. Kumfa ɗaya ma ta isa ta ɓata rami. Masu aiki da tsame-tsamen ganye kuma suna da ƙarin matsala: zoɓo ja ne, darbejiya da zogale kore, kowanne yana shan haske da kansa, wasu ma suna juya MTT ko babu sel ko ɗaya. A ware ramuka masu tsamen da ruwan kiwo kawai, a cire lambarsu daga sauran.

Siffar ƙasan rami ba ta buƙatar dogon bayani. Shimfiɗaɗɗe don kiwo da karatun na'ura. Mai zagaye kamar ƙoƙo don a tara abu a tsakiya a gani da ido, ko a sa sel ɗin kansa su cure wuri guda su zama dunƙule, in an shafa wa ramin abin hana mannewa. Mai tsini kamar mazurari kuwa 'yan Tsangayar Likitancin Dabbobi sun fi kowa saninsa, domin da shi ake gwajin cutar Newcastle ta kaji. Ana zuba jajayen ƙwayoyin jinin kaza. In ƙwayar cutar ba ta kama su ba, sai su gangara su taru a tsinin kamar ɗigon jan tawada, in ka karkata farantin ɗigon ya zubo kamar hawaye. In ta kama su, sai su bazu su ƙi gangarowa. A shimfiɗaɗɗen rami ba za ka ga wannan bambanci sosai ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu mu mazauna Arewa. A faranti mai 96, rami 36 ne ke bakin gefe, 60 a ciki. Na gefen sun fi saurin ƙafewa, kuma sun fi saurin ɗaukar zafi in an sa faranti a inkubeta, akwatin ɗumin da ake kiwon sel a ciki. Ramin da ke da maikirolita 100 in ya rasa 15, gishiri da maganin da ke ciki sun ƙara ƙarfi, sel ɗin wurin ba a yanayi ɗaya suke da na tsakiya ba. Ko'ina a duniya ana fama da wannan, amma mu muna da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar da ke tsattsage leɓe da dunduniya a Samaru ita ce ke shiga inkubeta duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Inkubetar guda, mutum shida ke amfani da ita, kowa ya zo ya buɗe. Tiren ruwan da ke ƙasa ya ƙafe ba wanda ya kula. In aka ɗauke wuta zafi ya sauka daga digiri 37, kafin janareta ya tashi ruwa ya taru a ƙarƙashin murfi. Gwajin awa 72, irin na sammore ko zazzaɓi, shi ya fi shan wahala.

Maganin da na fi yarda da shi tsohon magani ne: a sadaukar da ramukan gefe, a cika su da ruwa tsarkakakke, a yi aiki da 60 na ciki. Ɗalibai ba sa so, suna ganin an zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu. Ni kuwa ina ganin gara a rasa rami 36 da a rasa amana ga dukkan 96. Akwai wata dabara kuma da ba ta cin ko sisi: bayan an shuka sel, a bar farantin a kan teburi shimfiɗaɗɗe cikin hud kamar awa ɗaya kafin a kai inkubeta. Sel sai su kwanta bai-ɗaya, maimakon zafin da ke shigowa daga gefe ya kore su su taru a bango ɗaya. Kada kuma a jibga faranti biyar bisa juna, na tsakiya zai daɗe bai yi ɗumi ba. Kada a jera duk ramukan kwatance, waɗanda ake gwada sakamakon sauran da su, a layin farko kawai don ya fi sauƙin tunawa.

Wannan ne ma ya sa ba na ɗokin faranti mai 384 a wurinmu. An yi shi ne don inda injina ke zuba ruwa. Da fifet na hannu, a ɗakin da iska ta bushe, ɗigon da ke ciki ya yi ƙanƙanta. Akasin haka ma, wanda zai ciro RNA ko furotin daga sel ɗinsa ya koma baya ya ɗauki mai rami 6, inda kowane rami ke da kusan murabba'in santimita 9.5, ko mai 24 da ke da kusan 1.9.

Tambayar da ba ta taɓa ƙarewa ita ce, "Malam, ba za a iya wankewa a sake amfani da shi ba?" Na san daga inda tambayar ke fitowa, dala ba ta da tausayi. Amma folisitirin yana fara laushi a kusa da digiri 100, otokilef kuma, tukunyar tururin da ake tsarkake kayan aiki da ita, 121 take kaiwa. Wanda ya gwada ya ciro abu a nannaɗe kamar ganda. Masana'anta da wani haske mai ƙarfi da ake kira gamma suke tsarkake shi, mu ba mu da wannan. Sabulu yana barin saura a rami wanda ke kashe sel, furotin ɗin da ya liƙe a farantin ELISA kuma ba ya fita duka. Asiton da kulorofom da etil asitet, waɗanda ake tsame ganye da su, narka robar suke yi, ramin ya yi hazo. Don ajiyar tsame a cikin sinadarin narkarwa na DMSO, ko sa samfur a firizar -80, ko PCR (gwajin riɓanya DNA), folifirofilin ake nema, robar nan mai ɗan dishi-dishi da ke jure zafi da sinadari, amma ba a saba kiwon sel masu mannewa ko karatun shan haske a cikinta ba.

Ɗalibar tawa ta sake oda. Wannan karon mun zauna tare ta rubuta wa dillali: rami 96, folisitirin garau, ƙasa shimfiɗaɗɗe, mai TC, tsarkakakke, kowanne a ledarsa da murfinsa, ga sunan kamfani ga lambar kaya, kuma ya turo hoton leda ta WhatsApp kafin ya sa a mota. Na farkon da ta saya ba su tashi a banza ba. Wani abokin karatunta da ke gwada tsamen bagaruwa a kan bakteriya ya karɓe su a farashin da ta saya, domin irinsu yake nema tun watan jiya.